Auren 'yar Poland: ɗaurin auren masallaci ya wadatar, ko sai an je ofis?

Bakatsinen_Lublin
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya ce ga waɗanda suka san kan ƙasar nan. Ɗalibi ne ɗan Najeriya, saura wata bakwai takardar zamansa ta karatu ta ƙare, kuma sun daidaita da wata 'yar Poland, iyayenta ma sun sani. Maganganu biyu ake ta yi masa. Wasu sun ce in liman ya ɗaura a masallacin Warso ya ba da takarda, gwamnati za ta karɓa, tunda na coci ma karɓa take yi. Wasu kuma sun ce da an shafa fatiha fasfon Poland ya zo hannu. Wanne ne gaskiya? Sannan me ya kamata ya sani game da zama da surukai a nan?

Tafinta_Warso
Wa alaikumus salam. Duka biyun babu na ɗauka. Auren cocin da gwamnati ke karɓa, wanda suke kira ślub konkordatowy, ya samo asali ne daga yarjejeniyar Poland da fadar Paparoma ta 1993, wadda ta fara aiki a 1998. Dokar ta haɗa da wasu coci-coci da al'ummar Yahudawa, su 11 ne jimilla, kuma babu ƙungiyar Musulmi ko ɗaya a cikinsu. Takardar liman a wurin Allah aure ce, a wurin ma'aikacin gwamnati kuwa farar takarda ce.

Ofishin da za su je shi ne Urząd Stanu Cywilnego, kowa USC yake ce masa. Zai kai fasfo, da takardar haihuwa wadda tafinta mai rantsuwa ya fassara, da kuma shaidar cewa dokar ƙasarsa ba ta hana shi yin wannan auren ba. Tafinta mai rantsuwa shi ne tłumacz przysięgły, mai hatimi, wanda sunansa ke cikin rajistar ma'aikatar shari'a. Fassarar aboki, ko da farfesa ne, ba ta shiga. Daga nan su biyun za su sa hannu a kan cewa ba su san wani abu da ke hana auren ba, sai a jira wata ɗaya cif kafin a ɗaura. Wannan sa hannun wata shida yake yi ya mutu. Kuɗin ofis zuloti 84 ne (zuloti shi ne kuɗin Poland), in kuma ana so ma'aikacin ya fito waje, lambu ko otal, sai a ƙara 1000. Shaidu biyu baligai. In ango bai ji yaren sosai ba dole a zo da tafinta ranar auren.

Dan_Sabon_Gari
Malam Tafinta ya wuce wurin da ake yin tuntuɓe da gudu. Wannan shaidar ta uku ita ce ƙashin bayan wahalar. Mutanenmu sukan je kotu a gida su yi rantsuwa cewa ba su da aure, su kawo. Wasu ofisoshin ba sa karɓa, domin a ganinsu mutum ne ya yi wa kansa shaida, ba hukuma ce ta yi masa ba. In aka ƙi karɓa, sai a shigar da buƙata a sąd rejonowy, kotun gunduma, ta yafe masa kawo takardar. Kuɗin shigarwa zuloti 100, amma jiran ranar zama yakan ci watanni, kuma alƙali yakan kira su biyun ya yi musu tambayoyi. Mai wata bakwai a hannu, gobe ya kamata ya je USC ya tambaya wace takarda suke karɓa daga Najeriya, ba jibi ba.

Kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke buga hatimin apostille, wanda ke sa a karɓi takarda a wata ƙasa kai tsaye. Hanyar ita ce ma'aikatar harkokin waje a Abuja ta tabbatar, sannan ofishin jakadancin Poland da ke Abuja ya buga nasa.

Uwar_Biyu
A ƙara da maganar suna. Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar haihuwa, Muh'd a ta makaranta: mu a wurinmu mutum ɗaya ne, su a wurinsu mutum uku ne. Harafi ɗaya ya isa a dawo da fayil. Sannan fom ɗinsu na neman sunan mahaifiya da sunan gidansu kafin ta yi aure. Bahaushe da ko a waya ba ya iya faɗin sunan mahaifiyarsa, nan sai ya rubuta shi ɓaro-ɓaro, kuma ya zo daidai da na takardar hukumar ƙidaya.

Lauya_Ba_Riga
Maganar fasfo kuwa, ga lissafin, kowa ya ƙirga da yatsunsa. Bayan aure sai ya nemi izinin zama na wucin gadi a matsayin mijin 'yar ƙasa, a ofishin wojewoda, wato gwamnan lardin da suke zaune. Zuloti 340 na buƙatar, 100 na katin, wato karta pobytu. Mafi tsawonsa shekara uku, kuma da shi yana aiki ba tare da neman izinin aiki daban ba. Zaman dindindin sai aure ya cika shekara uku, kuma ya yi shekara biyu a jere a ƙasar a kan wancan katin na aure. Shi kuma zuloti 640. Zama ɗan ƙasa sai ya ƙara shekara biyu a kan na dindindin, ya kuma kawo shaidar ya ci jarrabawar yaren a matakin B1, wato matsakaici. Ko komai ya tafi sumul, an doshi shekara biyar, ban da jiran ofis a kowane mataki.

"A jere" ɗin nan tana da ma'auni: kada tafiya ɗaya ta wuce wata shida, kada jimillar tafiye-tafiyen ta wuce wata goma. Masu zuwa gida su yi damina guda su kula.

Abu mafi muhimmanci ga mai wata bakwai: ya shigar da buƙatar tun takardarsa ta yanzu na da rai. In ya yi haka zamansa halal ne har a yanke hukunci. Amma wannan halaccin na cikin Poland ne kawai. Ba ya ba shi damar leƙawa Jamus, kuma in ya fita zuwa Kano bayan tsohon katin ya mutu, sai da sabuwar biza zai dawo.

Dan_Damagaram
Shekara biyar?? To ɗan ƙwallon nan Olisadebe fa, ai shi nan take aka ba shi.

Lauya_Ba_Riga
Wannan wata ƙofa ce daban. Shugaban ƙasa na da ikon ba wa wanda ya ga dama, ba sharaɗin shekaru. Emmanuel Olisadebe ya samu a 2000 lokacin shugaba Kwaśniewski, ya ci musu ƙwallayen da suka kai su gasar duniya ta 2002. In ɗalibin Lublin na da irin wannan ƙafar, bismilla.

Zangon_Kumasi
Hahaha. Ai 'yan Najeriya sun daɗe a ƙasar. August Agboola Browne, makaɗin da ya zo tun kafin yaƙin duniya na biyu, ya shiga boren Warso na 1944 da laƙabin Ali. John Godson kuma ya shiga majalisarsu a 2010 daga Łódź.

Malam_Na_Zaure
Mu dawo kan tambayar, don kada a fahimci cewa na masallacin ba shi da amfani. Na ofis ba ya ɗauke na shari'a, na shari'a ba ya ɗauke na ofis. Sai an yi duka biyun. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta wa Musulmi auren kamammiyar mace daga Ahlul Kitabi, a ɗaura da sadaki da shaidu da waliyyi. Sai dai a bincika, domin a cikin matasan Poland akwai da yawa da aka yi musu baftisma suna jarirai amma yau za su ce maka ba su yarda da komai ba. Wannan hukuncinta daban ne, a tambayi malami a zaune. Mace Musulma kuwa ba a ɗaura mata da wanda ba Musulmi ba, tunda na ga akwai 'yan mata ɗalibai a zauren nan.

Wurin ɗaurawa ba ya wuya. A Warso akwai masallacin titin Wiertnicza da babbar cibiyar unguwar Ochota da aka buɗe a 2015, akwai na Gdańsk, akwai tsofaffin masallatan katako na ƙabilar Tatar a Bohoniki da Kruszyniany. Musulunci ba baƙo ba ne a ƙasar, Tatar sun fi shekara 600 a yankin.

Gargaɗi ɗaya: in dangin amarya suka matsa a yi a cocin Katolika, sai bishop ya ba da izini na musamman, kuma ita za ta sa hannu cewa za ta yi iya ƙoƙarinta a yi wa 'ya'yan baftisma a tashe su a Katolika, shi kuma a sanar da shi. Kada mutum ya ce ai biki ne kawai don a faranta wa kaka rai.

Dan_Sabon_Gari
Allah ya saka, Malam. Ni kuma in faɗi wadda ba a son ji. Wanda ya bar mata a gida, ko da auren a zaure aka ɗaura shi da goro da alawa, mai aure ne. In ya sa hannu a USC cewa ba shi da aure ya yi ƙarya a gaban hukuma, kuma sashe na 206 na dokar laifukansu ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ga mai aure a kan aure. Ba a ƙara ta biyu a nan, ba a kuma shigo da 'yar Poland a matsayin ta biyu.

Hajiya_Gdansk
Kun cika mu da takardu, alhali takarda tana ƙarewa, suruka ba ta ƙarewa. Bari in ɗauki rabin tambayar na biyu.

Ranar farko da zai je gidansu: ya riƙe fure, adadin mara, uku ko biyar ko bakwai, kuma ban da furen chryzantema, na maƙabarta ne. Kada ya miƙa hannu a kan dokin ƙofa, ya shiga tukuna. Ya cire takalmi, za a ba shi silifas ɗin gida da suke kira kapcie, ya saka ko sun yi masa kaɗan. Uban Pan ne, uwar Pani ce, ba a kiran suna gatsau sai su suka ba da dama. Bayan aure da yawa sukan koma Mamo da Tato. Durƙuso da sunkuyar da kai da muke yi wa surukai, su ba sa karanta shi a matsayin ladabi. Wanda ba ya kallon ido, a ganinsu yana ɓoye wani abu ne. Kuma kunyar nan ta ƙin cin abinci a gaban suruki, a ajiye ta a Katsina. Uwar gida ta tashi tun safe ta dafa rosół, romon kaza da taliya siririya, ka ce ka ƙoshi? Ka ɓata rawarka da tsalle.

Sai dai bayan romon, abin da ke biyowa ranar Lahadi galibi schabowy ne, naman alade da aka buga aka soya. Don haka amarya ta gaya wa uwarta tun kafin ranar, dalla-dalla. "Ba ya cin alade" kaɗai ba ta isa ba, don a kunnen tsohuwa alade shi ne tsoka. Kitsen da ta soya albasa da shi ba ta lissafa shi.

Mai_Tukunya
Hajiya ta taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kalmomin da za a haddace kafin a iya gaisuwa: wieprzowina naman alade, smalec man alade, słonina kitsensa, boczek da szynka duk shi ne, żelatyna wieprzowa kuma tana cikin alawa mai danƙo da wasu kayan zaƙi. Na halal ɗin: wołowina sa, kurczak kaza, indyk talotalo, baranina rago. Tarkon yana cikin abin da ba ya kama da nama. Pierogi mai dankali da cuku lafiya lau ne, sai a barbaɗa masa skwarki a kai, wato soyayyen kitse. Tsiran da aka rubuta wa "na kaza" a juya bayansa a karanta, sau da yawa akwai kaso na alade ko fatar da aka ɗura shi. Pączki, fanken da ake rububi a Alhamis ɗin kafin azuminsu, na gargajiyar da smalec ake soya shi. Żurek na Ista da tsiran alade ake yi. Kaszanka kuwa jini ne, a bar shi.

Naman yanka akwai shi a shagunan Turkawa da Larabawa a manyan birane. An hana yankan addini a 2013, kotun tsarin mulki ta dawo da shi a Disambar 2014, kuma ƙasar na fitar da naman halal waje da yawa. Layya dai ta mahauta ake bi ko a aika gida, ba a kayar da rago a bayan bene.

Uwar_Biyu
Abin mamaki, daren da ya fi sauƙi ga Musulmi a teburinsu shi ne Wigilia, 24 ga Disamba, don ba a cin nama sam. Kala 12 ake jerawa: kifin karp, jan romon gwoza mai ƙananan ƙulli na laimar kwaɗi (mushroom) ta daji, kabeji, kifin gishiri, ruwan busassun 'ya'yan itace. Ba a zama sai tauraron farko ya fito, a sa ciyawa ƙarƙashin mayafin tebur, a bar faranti ɗaya babu kowa saboda baƙon da ka iya ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin a ci, kowa zai riƙe opłatek, wata farar waina siririya kamar takarda, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya ɓalli nasu su ɓalli nasa, a yi wa juna fatan alheri. A nan ne tsofaffi ke kuka, a nan ake shirya waɗanda suka yi shekara ba sa magana.

Abu_Sumayya
Anti, wannan fa ibada ce, ba cin abinci ba. Wainar nan siffar ta coci gare ta. Ni ban ga yadda Musulmi zai karɓa ba.

Uwar_Biyu
Ba ita ce ta cikin ibadar coci ba, ɗan'uwa, wannan ta gida ce. Amma ban ce dole ba. Abin da na sani shi ne in zai ƙi, ya faɗa tun Nuwamba, ba ranar da kaka ta miƙo hannu tana rawar jiki ba.

Malam_Na_Zaure
Malamai sun saɓa a kan halartar irin wannan zama, wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun ba da dama a zauna don zumunci a bar abin da ke na ibada. Ba a zauren nan za a warware ba. Amma tunda ana maganar gida, akwai kare. Gidaje da yawa karensu a falo yake kwana, har kan kujera. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai kare mai rai ba najasa ba ne, don haka kada mutum ya ɗaga hankalinsa don ya shafi wandonsa. Ya dai keɓe ɗakin salla ya riƙa rufewa.

Dan_Damagaram
Giyar biki fa? An ce ango ba ya tsira.

Hajiya_Gdansk
Tun daga ƙofar zauren biki iyaye ke tarbar ango da amarya da burodi da gishiri da ƙananan kofuna biyu. A shirya da su tun farko a zuba ruwa, ba wanda zai sani, ana shanyewa a jefa kofin baya ya fashe. Matsalar kawunnai ce, masu yawo da kwalba tebur-tebur. Kada ya ce "tuƙi zan yi", don bikin kwana ake yi, tsakar dare a yi oczepiny a cire wa amarya lulluɓi, washegari a dawo poprawiny, wato ci gaban bikin, uzurin tuƙi ba zai kai ba. Ya ce nie piję, ba na sha, sau ɗaya da murmushi, ya ɗaga kofin lemo in ana waƙar Sto lat. Za kuma su yi ta ihun gorzko, gorzko, wai abin sha ya yi ɗaci sai ango ya sumbaci amarya a gaban kowa, har da iyayenta. Wannan ya fi giyar wahala ga Bahaushe.

Gudummawa a ambulan ake bayarwa, ba a liƙi. Lefe babu shi. Kada ya yi murna da wuri, kuɗin zaure da abinci kan kowane baƙo ake lissafawa.

Tafinta_Warso
Tunda an ambaci B1, kada ya jira shekara ta huɗu. Suna a yarensu yana sauya wutsiya har hawa bakwai gwargwadon aikinsa a jimla. Ibrahim zai ji an ce Ibrahima, Ibrahimowi, Ibrahimem, duk shi ne. Musa da Isa da Bala kuma, da yake sunayen matansu da "a" suke ƙarewa, wasiƙa za ta zo musu da Pani a kai. Amfanin yaren ya wuce jarrabawa: dokar baƙi ta lissafa rashin yaren da ma'aurata ke fahimtar juna da shi cikin alamomin auren bogi, tare da rashin zama gida ɗaya da saɓani a bayanan juna. Jami'an Straż Graniczna, masu tsaron iyaka, sukan zo gida ba sanarwa, su tambayi maƙwabta, su ga ko kayansa na cikin kabad. A ofis kuma a raba su ɗaki, a yi musu tambaya iri ɗaya: ina kuka haɗu, wane gefen gado kake kwana, yaushe ne ranar haihuwar uwarta.

Lauya_Ba_Riga
Dukiya kuma, don Bahaushe ya saba abin miji na miji, na mata na mata. A nan daga ranar aure duk abin da ɗayansu ya samu, har albashi, na su biyu ne, sai abin da aka shigo da shi da gado da kyauta. Wanda ba ya son haka sai su je wurin notariusz, mai tabbatar da takardu, su yi intercyza, wato yarjejeniyar raba dukiya. Wannan ya shafi kuɗin da ake aikawa gida duk wata. Ita tana ganin kuɗin gidanta ne ke fita, shi yana ganin haƙƙin iyaye ne. A yanka adadi tun kafin aure.

Gado a dokarsu mace da namiji daidai ne, kason matar ba ya gaza rubu'i. Saki ba na baki ba ne, sai kotun sąd okręgowy, zuloti 600 kuɗin shigarwa. Ɗan da aka haifa ɗan Poland ne tun ranar farko, kuma ba a yi masa fasfo sai iyaye biyu sun yarda. Ɗaukar yaro a kai wa kaka a gida ba da yardar uwar ba, babbar shari'a ce.

Uwar_Biyu
Sunan yaran ma ranar auren ake tambaya a USC. In ba su daidaita ba, doka ta haɗa na uwa a gaba, na uba a baya. Sunan yanka bai wuce biyu, kuma kwana 21 ake da su a yi rajista, don haka sunan ranar bakwai yana shiga ba matsi. Rigimar tana zuwa ne a aji uku na firamare, watan Mayu, lokacin da 'yan ajin ke sa fararen kaya suna karɓar komunia ta farko a coci da kyaututtuka, yaro ya dawo yana tambayar nasa. Darasin addini a makaranta ba dole ba ne, sai iyaye sun nema.

Zangon_Kumasi
Ba wanda ya yi maganar duhu. A Disamba rana na faɗuwa a Warso kafin uku da rabi na yamma, Azahar da La'asar da Magariba duk a wurin aiki. A Yuni kuma sai tara na dare, azumi ya haura awa 18. Yanzu da yake faɗowa a Fabrairu da Maris an samu sauƙi. Manyan shaguna a rufe suke yawancin Lahadi tun 2018, a yi cefane Asabar. Daga goma na dare zuwa shida na safe ba a hayaniya a bene, kuma baƙo ba ya faɗowa gida ba waya, ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Bakatsinen_Lublin
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura guda. In kotun nan za ta ci watanni, ba gara su tafi Najeriya a ɗaura a can ba, a dawo da takarda?

Dan_Sabon_Gari
Ana yi. Ita za ta karɓi shaidar cancantar aure daga USC ɗinta, zuloti 38, can kuma a yi a rajistar aure ta gwamnati bayan sanarwar kwana 21. In sun dawo a fassara, a shigar da shi rajistar Poland, transkrypcja, zuloti 50. Amma ya tabbata katinsa na da sauran rai ranar dawowa, in ba haka ba amarya za ta hau jirgi ita kaɗai, shi yana Abuja yana neman ranar ganawa.

Hajiya_Gdansk
Kuma uwar amarya ta yarda 'yarta tilo ta yi aure ba ta wurin? A fara tambayar wannan.

Tafinta_Warso
Bakatsine, wace shekara aka haife shi, kuma takardar haihuwar ta asali ce ko ta shaida ce da hukumar ƙidaya ke ba manya? Amsar USC za ta iya bambanta a kan wannan. Ya ɗauki wadda ke hannunsa ya nuna musu kafin ya kashe ko sisi a Abuja.